Magaryar Yalwa a Shekarar Fari

An ce wai a wani gari na bakin hamada an yi shekarar fari, rijiyoyi suka ƙafe, saura ɗaya tak. Sarki ya kafa doka, kowane gida tulu ɗaya a yini, wanda ya ƙara kuwa a kore shi daga garin.

Akwai wata tsohuwa, Yalwa, da ta dasa magarya a bayan gidanta, a shekarar da maƙwabcinta Jatau ya dasa nasa. Dashen Jatau duk ya bushe, nata kuwa kore shar. Shi ko mutum ne da alherin maƙwabci ke hana shi sakat, sai ya kai ƙara, wai satar ruwa take yi tana shayar da itatuwa, 'ya'yan mutane na fama da ƙishi.

Hankalin Yalwa ya tashi, don in aka kore ta ba ta da inda za ta. Ta durƙusa gaban Alƙali Mu'azu ta ce, "Allah ya gafarta malam, shekara biyu rabona da zuba musu ko ɗigo. Tun suna ƙanana ma, sai sun yi yaushi nake ba su."

Jatau ya ce, "Ka ji ƙarya! Ni da na riƙa ba nawa ruwa safe da yamma kafin doka, sun mutu, sai nata?"

Alƙali ya miƙe ya ce, "Shaidun wannan shari'a suna ƙarƙashin ƙasa. Jatau, ɗauko dagi."

Gari kaf ya ɗunguma. Alƙali ya sa Jatau ya tuge dashensa, da hannu ɗaya ya fizgo shi, saiwoyin a baje sama-sama kamar tabarma. Sa'an nan ya ce ya tona gindin na Yalwa. Har zurfin kamu biyu, ƙasa busasshiya ƙamas, babu alamar ta taɓa ganin tulu, saiwa kuwa sai gangarawa take yi.

"Bi ta!" in ji alƙali.

Maza suka kama masa, aka yi kwana uku ana tono, Yalwa na bakin rami tana leƙe. Ran nan da hantsi ƙasa ta fara fitowa da danshi. Can sai muryar Jatau daga ƙasan rami: "Ruwa! Wallahi ruwa!" Mata suka rangaɗa guɗa, Yalwa ta fashe da kuka don murna.

Alƙali ya ce, "Itacen da aka saba masa da tulu, a sama yake baza saiwa yana jiran tulu. Wanda aka bari ya ɗanɗani ƙishi, shi ke nitsawa ya nemo nasa. Yalwa ba ta saci ruwan gari ba, magaryarta ce ta nuna wa gari ruwa. Ita za ta fara ɗiba kullum, kai kuma Jatau kai za ka ja mata guga har damina ta faɗi."

Don haka, in ka ga mai ganye a shekarar fari, kafin ka ce sata ya yi, duba inda saiwarsa ta kai.