Malam Yoila Da Mukullin Aji Huɗu

Akwai wani malamin firamare a wata unguwa cikin Maiduguri, ana ce masa Malam Yoila. Mutumin kudancin Borno ne, siriri, mai sanyin murya, amma in ya kafe a kan magana ko raƙumi ba ya janye shi. Abu biyu ya fi so a duniya: 'yan aji huɗu da yake koyarwa, da ƙwallon ƙafa. Albashinsa kuwa, kafin wata ya raba ya zama tarihi.

'Yan unguwar suna da zaure a WhatsApp inda ake musun komai, daga farashin gero har zuwa wa ya fi wa a ƙwallon Turai. Mai kula da zauren wani matashi ne, Imran, yaron wani Alhaji mai neman kujerar siyasa.

Wata rana Imran ya turo hoton ƙaton kofi. Ya ce Alhaji da hukuma sun ware kuɗi masu kauri don gasar matasa, kuma a filin makarantar za a buga wasan ƙarshe.

Malam Yoila ya rubuta: "Madalla da ƙwallo, ni ma masoyinta ne. Amma hukumar da ta ce ba ta da abin ƙara wa malamai albashi, a wace rijiya ta jawo kuɗin kofi?"

Nan fa zaure ya kaure. Wani ya ce ƙwallo tana raba matasa da shaye-shaye. Wani ya ce malamai rabin shekara hutu suke yi. Chibuzor, mai shagon kayan babur, ya ce, "Wallahi Malam ya faɗi gaskiya."

Sai Imran ya shigo: "Malam, ɗan wasa yana tara dubban mutane. Kai wa ya taɓa sayen tikiti don ya kalle ka kana rubutu a allo? Ai an ce ladan malami yana lahira."

Aka yi ta dariya. Maganar ta soki Malam har cikin rai, amma abin da ya mayar shi ne: "Haka ne. Sai dai mai gidan da nake haya ya ƙi yarda ya jira lahira."

Dariya ta juya kan Imran. Ya kira Malam a waya, ya ce ya goge abin da ya rubuta kafin Alhaji ya gani. Malam ya ce, "Ban zagi kowa ba. Tambaya na yi, ba a amsa ba." Kafin la'asar Imran ya fitar da shi daga zauren.

To, akwai abin da Imran ya manta. Al'ada ce duk ranar wasan ƙarshe a kwashe bencinan makaranta a jera wa manyan baƙi. Bara da aka yi haka, 'yan kallo suka hau kansu suna tsalle, aka dawo da su a kakkarye. Zango guda yara suna karatu a ƙasa. Malam Yoila ne ya bi iyaye gida-gida, ya samo ƙusa da katako, shi da wani kafinta suka tayar da na ajinsa. A duk makarantar, aji huɗu kaɗai ke da bencin kirki, kuma mukullin yana aljihunsa.

Ana gobe wasa Imran ya zo, ko gaisuwa babu. "Malam, mukulli."

"Na me?"

"Na benci mana. Baƙin Alhaji za su zauna."

"Kuɗin da ya sayi kofi zai iya hayar kujeru. Waɗannan na yara ne."

Imran ya matso ya rage murya. "Ka san Alhaji ya san mutane a ofishin ilimi. Waya ɗaya zai yi, ka tsinci kanka a wani ƙauye can bayan Konduga."

Wannan ba ƙaramar barazana ba ce. Kuɗin mota kaɗai zai cinye albashin, ga hanya ba ko yaushe take da lafiya ba, ga iyali a gari. Shugaban makaranta ya ja shi gefe ya ce, "Yoila, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma kai kaɗai ne. Ba shi kawai." Matarsa Kezia ma ta roƙe shi har da hawaye. Ya ji tsoro, ba ƙarya. Amma da ya tuna yadda yaran ke kakkaɓe ƙura daga littattafansu, sai ya ji ba zai iya ba.

Ranar Asabar, tun kafin a hura usur, Malam ya zo ya zauna a dokin ƙofar ajinsa. Fili ya cika, ana kiɗa. Imran ya iso da 'yan wasan unguwa cikin sabuwar rigarsu, da guduma a hannu.

Ya ce, "Ku fasa kwaɗon, ku fito da bencinan!"

Malam bai motsa ba. Ya ce, "Ku fasa. Amma ta kaina za ku bi."

Kyaftin ɗin ƙungiyar, Suleiman, ya leƙa ta taga. Ƙanwarsa Safinatu a wannan ajin take, kuma bai manta yadda bara take dawowa gida da kayan makaranta buɗu-buɗu da ƙasa ba, mahaifiyarsu tana wanki kullum da sabulun da ba shi da arha. Ya karɓi gudumar daga hannun Imran, ya ajiye, ya zauna a ƙasa kusa da Malam.

"Oga Imran," in ji shi, "ƙwallo muka zo bugawa, ba fasa aji ba."

Mai tsaron gidan ƙungiyar ma ya zauna. Sauran suka bi. Ɗaya ƙungiyar da suka ji abin da ke faruwa, su ma suka zo suka zauna. Haka Alhaji ya iso da baƙinsa cikin manyan riguna, ya tarar da fili babu ɗan wasa ko ɗaya, ga wayoyi a sama kowa na ɗauka.

Da aka yi masa bayani, ya dubi wayoyin nan, ya dubi Imran, ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. Ya ce, "Wa ya ce a taɓa kayan yara? A bar su!"

A tsaye manyan baƙi suka kalli wasa, cikin ranar Maiduguri, har suka sulale kafin hutun rabin lokaci. Malam kuwa bai ga ko ƙwallo ɗaya ba. Yana jin ihun ci daga bayan gini, ƙafarsa na motsi, amma bai bar ƙofar ba sai da fili ya watse.

Zancen canjin wurin aiki ya mutu, don Alhaji ba ya son sunansa ya sake yawo a waya. Bayan kwana biyu Imran ya rubuta a zaure yana kuka, wai Alhaji ya sallame shi ko kuɗin wahalarsa bai ba shi ba. Chibuzor ya amsa masa: "Yi haƙuri ɗan'uwa, ladanka yana lahira."

Albashin Malam Yoila bai ƙaru da ko kwabo ba, tambayarsa ma har yau ba a amsa ba. Amma da ya buɗe aji huɗu, yara suka miƙe suka gaishe shi, ya ce su zauna, babu wanda ya zauna a ƙasa.

Darasi: Ƙarancin albashi ba ƙarancin daraja ba ne. Za a iya fitar da kai daga zaure, amma ba za a iya fitar da gaskiyarka daga zukatan mutane ba, muddin ka tsaya a kanta ranar da tsayuwar ke da tsada. Kada ka raina wanda ke riƙe da amanar 'ya'yanka. Tura wannan labari ga malamin da ya koya maka karatu, da duk mai ganin kofi ya fi benci.