Gonar da Aka Sayar Daga Kan Dutse

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Rano da Kibiya. Ba zan faɗi sunansa ba, don ubansa mutumin kirki ne, kuma yana kabari.

Mutumin nan manomi ne ɗan manomi. Da damina yana gona, da rani yana jan adaidaita sahu zuwa kasuwar Rano. Ba a kwana da yunwa a gidansa.

Gonar da yake nomawa ta kakansa ce, ba a taɓa raba ta ba. Kakan ya bar 'ya'ya biyu, uban mutumin nan da ƙanwar uban. Kun san halinmu mata, kunya ba ta barin mu mu dubi idon ɗan'uwa mu ce a raba gado. Sai ta bar rabonta a hannun yayanta. Duk kaka ya aiko mata da damman dawa. Itatuwan ɗorawa uku na gefen gabas kuwa, kowa ya san nata ne. Da kalwarsu take daddawa, da daddawar take rufa wa kanta asiri. Da yayan ya rasu, amana ta koma hannun ɗansa.

Ran nan ya ɗauko wani fasinja daga Kano, wai shi Abdulganiyyu. Fasinjan ya nuna masa waya, ga wasu zane-zane, kore da ja, suna hawa suna sauka. Wai ka sayi kuɗin wata ƙasa da safe, ka sayar da azahar, riba ta same ka a zaune. Tiredin suke ce masa. Fasinjan ya ce in ya biya shi kuɗin koyo, zai buɗe masa ido.

Ya 'yan uwa, ni ban yi boko ba, amma na shekara talatin ina kasa kaya a kasuwa. Wanda ya san inda riba take zuba haka, me zai kawo shi ƙauye neman kuɗin koyarwa?

Satin farko mutumin nan ya ci. Wannan cin shi ya kashe shi. Ya shigo gida da tsire, yana tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta ɗauke shi ba. Ya ajiye adaidaita, daga baya ya sayar. Ya ce shi da fartanya har abada, wannan ce sana'arsa yanzu.

To ƙauyen babu sabis sai a kan wani dutse a bayan gari. Can ya tare. Daga kan dutsen nan, in ka sauke ido, gonar kakansa ce shimfiɗe a gabanka.

Aka yi ruwan shuka, gari ya watse gona. Matarsa Juwairiyya ta ce, "Malam, ƙasa ta jiƙu fa."

Ya ce, "Dala tana hawa, kina yi min zancen shuka?"

Sai da maƙwabta suka ji kunya suka yafa masa iri. Noman fari ya wuce, maimai ya wuce. Ciyawa ta danne dawa, ƙuduji ya gama da sauran. Yana zaune a sama, gona tana mutuwa a ƙasa, bai ɗaga kai daga wayar ba.

Kun taɓa ganin mutumin da zama ya gagare shi? In zane ya yi kore ya miƙe, in ya yi ja ya durƙusa. Tuwo ya huce a gabansa. Salla kuwa, kafin liman ya gama sallama ta biyu hannunsa yana aljihu. In ya faɗi, sai ya ce kuskure kaɗan ya yi. In ya kira Abdulganiyyu, sai ya ce masa jarinsa ne ya yi ƙanƙanta. Shanun huɗa suka tafi. Hatsin rumbu ya tafi, har da irin baɗi.

Sai gona.

Ya samo wani Alhaji mai saye. Aka kira shaidu, Mato da Ɗantsoho, dattawan da suka san kakan ido da ido, suka san akwai rabon mace a gonar. Suka zauna, suka ci goro, suka shafa fatiha. Babu wanda ya ce, "Ina gwaggonka?"

Ita ba ta sani ba. Da bazara ɗorawa ta nuna, ta ɗauki ƙugiya da buhu ta nufi itatuwanta. Ta ɗaga ƙugiya ke nan sai ta ji muryar wani mai gadi: "Baba, wa ya ba ki izini?"

Ta ce, "Izini? A gonar ubana?"

Mai gadin ya ce, "Alhaji ya saya tun watan jiya, har da itatuwan."

Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta hau dutsen nan da rarrafe. Ta tsaya a kansa tana haki, ta ce, "Kai, ɗan yayana, da bakin wa ka sayar da rabona?"

Ya ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri zuwa Juma'a. Kasuwa za ta juya, in saya miki wadda ta fi ta." Ko dubanta bai yi ba.

An yi Juma'a fiye da hamsin tun daga ranar. Kuɗin gonar ko kwana arba'in ba su yi ba. Lambar Abdulganiyyu ta daina shiga. Juwairiyya ta kwashi 'ya'ya ta koma gidansu a Zurgu. Yau mutumin nan ƙwadago yake yi a gonar kakansa, yana karɓar umarni daga mai gadi. In an sallame shi, sai ya sa data ya hau dutse. Har yanzu Juma'a yake jira.

Ya 'yan uwa, ban sani ba ko a duniya akwai mai ci da iyalinsa da wannan abu kaɗai. A garinmu dai ban gan shi ba. Na ga masu koyarwa sun yi ƙiba, masu koyo sun rame. Sana'ar da za ta hana ka barin ta na kwana uku ka yi shuka, ba kai ka riƙe ta ba, ita ta riƙe ka. In za ka gwada, gwada da naka. Dukiyar da ba taka ba wuta ce, ko an ce gobe za ta ninku goma.

Ku mata, kunyar nan ta isa. A raba, a auna, a kafa alama, kuna da rai.

Ku kuma shaidu, ku saurara. Gwaggon nan ni ce. Alhaji ya riga ya sare ɗorawa ɗaya ya yi gawayi, ya ce biyun ma zai sare su bayan kaka, don tarakta ta sami hanya. Ran Litinin ina gaban alƙali. Mato, Ɗantsoho, za a kira ku, za a ɗora muku Alƙur'ani. Ku faɗi 'ya'ya nawa ubana ya bari. Ba kurkuku nake nema wa ɗan yayana ba, wanda yake ciki ya ishe shi. Kasona nake so, da itatuwana biyu a tsaye.

Allah ya kiyaye mu daga kwaɗayi da cin amana, ya kiyaye mu daga shirun shaidu. Allah ya sauko da yaron nan daga kan dutse. Amin.