Bangon da Mai Fenti Ya Ƙi Shafawa

Akwai wani mai fenti, mutum mai sanyin hali, irin waɗanda ko ka taka musu ƙafa su za su riga ka cewa yi haƙuri. Yana zaune a gidan haya da matarsa da 'yarsu guda ɗaya. Yarinyar ba ta cika shekara uku ba, kuma saboda kumatunta kamar an hura, kowa Kumatu yake ce mata. Daga nan shi ya zama Baban Kumatu, matar ta zama Maman Kumatu.

Jama'a, in akwai ƙaramin yaro a gidanku, ku daure ku karanta wannan har ƙarshe. Ni kaina sai da na ajiye wayar na share ido kafin na ƙarasa rubuta shi.

Garin nasu akwai zafi, irin zafin da kafin hantsi ya yi kyau ƙofar ƙarfe ta fi ƙarfin taɓawa. Duk mai ƙaramin yaro ya san wannan wahalar. A ɗaki yaro kuka, a waje rana, fanka kuma iska mai zafi take juyawa.

Baban Kumatu yana fita aiki tun sassafe, sai ranar Asabar yake wuni a gida. To ranar ta Kumatu ce. Tun rana ba ta ɗaga ba zai cika bokiti da ruwa, ya ɗauko tsofaffin buroshinsa guda biyu da ya wanke tas, babba nasa, ƙarami nata. Sai su nufi bangon tsakar gida, wani bango na siminti zalla da bai taɓa ganin fenti ba.

Su tsoma buroshi a ruwa, su shafa. Duk inda ruwa ya taɓa sai simintin ya yi duhu, kamar da gaske fenti ne. Ya zana mata kaza, ya zana mota, ya zana wani dogon mutum riƙe da hannun wata 'yar guntuwa, ya ce, "Wa ye wannan?"

"Baba!"

"Wannan fa?"

"Kumatu!"

Kafin su juya zafi ya shanye zanen. Sai ta buɗe hannuwa ta zaro ido ta ce, "Ya tafi!"

Shi kuma ya ce, "A sake!"

Su sake tsomawa. Haka za su yi ta yi, ita jiƙe sharkaf tana ƙyalƙyala dariya, shi cikin singileti mai ɗigon fenti kala-kala. In ta gaji da bango, ya huda mata robar ruwa da ƙusa ta zama ruwan sama. Wata rana ya sa mata ƙanƙara a kwano, ta yi ta kora ta da cokali har ta narke. Kafin rana ta take, ya goge mata jiki, ta yi barci a ƙirjinsa. Ko sisi ba a kashe ba.

Ita kuwa Maman Kumatu abin nan ciwo yake mata. Ba muguwar mace ba ce, kar ku ɗauke ta haka, ido ne ya yi mata yawa. Tana sayar da kayan kwalliya ta waya, kuma tana cikin wani guruf na hira da ƙawayenta a wayar. Kowace Asabar hotuna ke shigowa: wannan ta kai 'ya'yanta wurin ninƙaya, waccan suna wurin lilo mai sanyin na'ura, yara sanye da tabarau. Ita kuma ta ɗaga kai ta ga 'yarta tana wanke bango da ruwa.

Sau da yawa yakan ce mata, "Maman Kumatu, ɗauke mu mana. Wayarki ce mai kyamara mai kyau, tawa ta kira ce kawai."

Sai ta taɓe baki. "In ɗauki me? Wannan bangon kamar na kango? Kai kuma da wannan singiletin? Wallahi ko a mafarki. Mai fenti guda, amma gidansa ko ɗigon fenti babu. Ba ka jin kunya?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ai sauran bangwayen duk na shafa. Wannan in na shafa shi ruwa ba zai fito ba, zamewa zai yi. Allon Kumatu ne."

"Allo? Allah ya kyauta."

Wata Asabar tana cikin wanki, ya lallaɓa ya ɗauki wayarta, ya jingina ta da kofi a bakin taga, ya kunna bidiyo. Ya ɗauki wasan nasu tun daga cika bokiti har zuwa "Ya tafi" da "A sake". Da ta gani ta yi tsaki, ya haɗa hannu yana dariya ya ce, "Don Allah ki bar mana shi. Ba sai kin nuna wa kowa ba. In ta girma ta ga yadda ta wahalar da babanta."

Ta bar shi, amma ba don ranta ya so ba.

Daga nan ta sa shi a gaba. Kullum maganar ɗaya ce: a shafa bangon nan, a kuma kai yarinya inda ake kai 'ya'yan mutane. In ya ce da sannu, ta ce da sannun nan ce ta bar su a baya. Har kuka ta yi masa, ta ce ko ƙawayenta ba ta iya gayyata gidan.

Shi dai ba ya son hayaniya. Wata Asabar, maimakon bokitin ruwa, sai ya fito da gwangwanin fenti mai sheƙi. Ya sa aka tsare Kumatu a ɗaki saboda wari, ya shafe bangon tas. Ya yi kyau, ba ƙarya. Har Maman Kumatu ta jera kayan kwalliyarta a gabansa ta yi hotuna.

Da fentin ya bushe, Kumatu ta jawo ɗan buroshinta ta tsoma ta shafa. Ruwan ya zame ƙasa, babu abin da ya fito. Ta sake. Ta sake. Ta juyo ta kalli babanta, leɓe na rawa, ta ce, "Baba, ya ƙi."

Allah sarki. Ya ɗauke ta ya saɓa a kafaɗa, ya raɗa mata wani abu a kunne, ta yi shiru. Uwar ba ta ji abin da ya faɗa ba, kuma ba ta tambaya ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya suka tafi wurin shaƙatawar da take ta ambato. Layin shiga kawai ya cinye safiyar, a cikin rana. Kumatu, da aka ƙunshe cikin riga mai kauri don hoto, ta fara kuka tun daga ƙofa. Lilon ya yi zafi ba ya zaunuwa, kiɗa ya tsorata ta, zufa ta fito mata da ƙuraje a wuya. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Amma hoto sai an yi. Maman Kumatu ta miƙa wa mijin waya. "Ɗauke mu. Ka ja baya a ga wurin ruwan."

Ya ɗauka, ya ɗauka, sai wayar ta ce ta cika. Ta karɓa tana huci, ta duba abin da ya fi cin wuri. Bidiyon bangon nan ne.

Ya ce, "Kar dai ki goge namu."

"Haba, Baban Kumatu! Wasan ruwa ne fa. Sai ku sake wani."

Ta goge. Wurin bai isa ba, ta shiga inda waya ke ajiye abin da aka goge, ta share shi ƙarƙaf. Ya karɓi wayar ya ci gaba da ɗaukarsu. A duk hotunan ranar babu shi ko ɗaya, don shi ne mai ɗauka.

Bayan haka abubuwa suka koma yadda suke. Ranar Asabar takan ji motsinsu can lungu wajen durom ɗin ruwa, suna 'yan ƙus-ƙus, ta ɗauka wasan ɓuya suke. Ba ta taɓa leƙawa ba.

Jama'a, kwana in ya ƙare ba ya sallama.

Wata rana a tsakiyar mako, da azahar, abokan aikinsa suka kira ta. Tsani ya zame da shi a wani bene da suke shafawa. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutumin da ya fita da safe yana cewa a ajiye masa ruwan sanyi.

Kar wani ya ce ita ta jawo, ba ita ba ce, ajali ne. Abin da ya zama nata shi ne abin da ya biyo baya.

Da masu gaisuwa suka watse gida ya yi shiru, Kumatu ta fara tambaya. Da safe, "Ina Baba?" Da yamma ta je bakin ƙofa ta tsaya. Sai uwar ta ɗauko hoton bikinsu, shi ne kaɗai mai kyau da take da shi, yana tsaye ƙiƙam cikin kayan ango, fuska ba dariya. Ta ce, "Ga Baba."

Kumatu ta kalla, ta ture da hannu. "Ba Baba ba ne."

Kai! Maman Kumatu ta ajiye hoton. Ta zauna ta bi wayarta hoto bayan hoto. Ga ta da Kumatu, ga kayan kwalliya a gaban bango mai sheƙi, ga wurin shaƙatawa, yarinya da jajayen ido. Hoton uba da 'yarsa tare, ko ɗaya babu. Muryarsa ma babu, don shi mutum ne mai kira, ba mai tura saƙon murya ba.

Ta yafa mayafi ta tafi shagon mai gyaran waya. Ta ce, "Malam, don girman Allah, akwai bidiyon da na goge. Ko me za ka ce zan bayar."

Ya jona wayar da kwamfuta, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago a hankali. "Baiwar Allah, bayan kin goge kin ɗauki wasu hotunan?"

"Da yawa. A ranar ma."

"To su ne suka hau kan wurin. Na duba iya dubawata, babu shi. Ki yi haƙuri."

Ta durƙushe a shagon nan ta yi kuka kamar ranar da aka fita da gawar mijinta. Da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Tsoronta ɗaya: yarinyar da ba ta kai uku ba, me za ta riƙe? Nan da ɗan lokaci babanta zai fita daga kanta gaba ɗaya, kuma ita uwar da hannunta ta share abin da zai tuna mata.

Ranar Asabar da safe tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, ido a kumbure, sai ga Kumatu da ɗan buroshinta. Ta kama mata zani tana ja. "Mama, ruwa."

"Kumatu, bangon ba ya yi yanzu. Kin manta?"

"Zo. Na Baba."

Ta bi ta don kar ta yi kuka. Yarinyar ta ja ta har lungun durom, ta nuna bayansa. Maman Kumatu ta leƙa, sai ta dafe ƙirji.

Ashe bai shafe bangon duka ba. A bayan durom ɗin, inda ba zai fito a hoto ba, inda baƙo ba zai gani ba, ya bar wani yanki na siminti zalla, daidai tsayin Kumatu. Ya ja masa layi miƙe sambal ta kowane gefe, kamar allo. A ƙasa ga babban buroshinsa a jingine. Ya yi wa matarsa abin da take so, ya kuma bar wa 'yarsa nata, bai ce wa kowa komai ba.

Uwar ta ɗebo ruwa a kwano. Kumatu ta tsoma, ta ja wani dogon layi karkatacce, ta ɗora masa kai. Ta ja wani guntu a gefensa. Ta ce, "Baba. Kumatu."

Suka tsaya suna kallo. Rana ta fara ɗagawa, zanen ya fara ja da baya, kan ya tafi, kafaɗar ta bi, har simintin ya koma fari.

Kumatu ta buɗe hannuwa ta ce, "Ya tafi."

Sai ta ɗago tana kallon uwarta, tana jiran amsar da aka saba ba ta.

Maman Kumatu ta ajiye kwanon a ƙasa. Ta sunkuya ta ɗauki babban buroshin, ta tsoma a ruwa, hawaye na zuba a kwanon. Da ƙyar ta ce, "A sake."

Darasi: Yaro ƙarami ba ya auna soyayya da tsadar wurin da aka kai shi. Bokitin ruwa, inuwa da lokacinka sun ishe shi. Kada kallon hotunan wasu ya sa ka raina farin cikin da ke tsakar gidanka, kuma kada ka ce "sai a sake wani", don ba ka san ranar da ba za a sake ba. Wannan Asabar ɗin ka zauna da 'ya'yanka ku jiƙa tare, a kuma ɗauke ku yadda kuke. Ku tura wa duk wani uba da uwa da kuka sani, wataƙila wani ya fasa goge nasa.