Duwatsu Bakwai a Aljihun Waziri

A wani zamani da ya shuɗe, annoba ta sauka a wata masarauta, ta yi damina guda tana ɗiban mutane. Da ta lafa, Sarki ya yi shela: kowane gida ya kawo dutse ɗaya a madadin kowane mamaci, a jera su sahu-sahu daidai a filin fada, a bi su ɗaya-ɗaya da addu'a.

Waziri Jatau ya riga ya gaya wa Sarki cewa mamatan dubu goma ne cif, alhali bai ƙirga ba, ya dai ji adadin ya yi daɗin faɗi. Aka jera sahu ɗari, kowanne da dutse ɗari, sai bakwai suka ragu. Waziri ya duba hagu da dama, ya zuba su a aljihu.

Ranar addu'a wata tsohuwa mai suna Tasalla ta yi ta bin sahu tana sunkuyawa. Can ta durƙusa gaban Waziri ta ce, "Ranka ya daɗe, na mijina fa? Na shafa masa shuni, don marini ne. Ko shi ba ya cikin waɗanda suka mutu?"

Waziri ya waiwaya. Sarki na kallonsa. Sai Waziri ya sa hannu a aljihu ya fito da duwatsun, mai shunin na tsakiya.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dubu goma da bakwai ne. Na fi son sahu ya yi kyau."

Sarki bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To, sake jera su, kada ɗaya ya ragu."

Kwana uku Waziri yana fama a rana. Sahu biyu, ɗaya ya ragu. Sahu uku, biyu. Sahu bakwai, huɗu. Ya tafi wurin Malam Zangina masanin hisabi, kansa a ƙasa.

Malam ya yi ta zane a ƙasa har la'asar, sannan ya ce, "Waziri, na gwada duk abin da ya kamata a gwada, har ɗari. Akwai adadin da ba ya rabuwa daidai ko ta yaya, wannan irinsa ne. Sahu ɗaya kaɗai zai ɗauke su duka."

Da Sarki ya ji, ya ce, "A yi sahu ɗayan. Da hannunka, Waziri."

Waziri ya tuɓe rawani, ya fara daga ƙofar fada. Sahun ya ratsa kasuwa, ya wuce marina, ya fita ƙofar gari. Mutane na tsaye a bakin hanya, ba wanda ya zage shi, shirun nan ya fi yi masa ciwo. Kowane gida ya sami dutsensa, aka yi addu'a, Sarki ya bar Waziri a kan sarautarsa.

Amma daga ranar, in aka tambaye shi mutum nawa, sai ya ce, "Bari in je in gani."