Dalilin da Ya Sa Faƙo Ba Ya Shan Ruwa

Dalilin da ya sa faƙo ba ya shan ruwa, ko da sama ta wuni tana zuba, ku matso ku ji, yara. Kun dai san faƙon bayan gari, mai sanƙo kamar kan ungulu. A da gona ce, kuma duk karkarar nan babu mai laushinta.

A wancan zamani ƙasa tana magana da manomi, kuma sharaɗinta ɗaya ne: "Ka ɗauki zangarniya, ka bar mini kara da ganye. Su ne zanena, su ne tuwona."

Mai gonar sunansa Barmo. Ba rago ba ne. Ƙwazo ne ya yi masa yawa, hankali ya yi kaɗan. Yana son wata budurwa, Ladingo, wadda kullum take bi ta gefen gonarsa zuwa rijiya, amma bai taɓa iya ce mata abin da ya wuce "sannu" ba.

Wata safiya bayan girbi yana share bakin gona, sai ta wuce da tulu ta ce, "Kai Barmo, wannan shara haka? Ko tsakar gidan amarya albarka!"

Tsokana ce. Shi kuwa ya ɗauke ta yabo, ya wuni yana murmushi shi kaɗai.

Washegari ya tuge kara har saiwa, ya tara, ya cinna wuta. Ya sare sabara da kalgo, ya tone kututturansu. Har gawon da kakansa ya bari ya kayar, wai yana zubar masa da ganye.

Ƙasa ta ce, "Barmo, ina zanena?"

Ya ce, "Wane zane? Datti ne. Ke ba ki san ado ba."

Da rani wani makiyayi ya zo neman izinin sauke shanunsa a gonar, su ci abin da ya saura su bar taki, kamar yadda aka saba. Barmo ya daka tsalle. "Shanu su yi mini kashi a inda Ladingo take kallo? Kora su gaba!"

Makiyayi ya kora su gonar maƙwabci, Jatau, wadda kara ke kwance a cikinta birjik, ga tohon itatuwa ko'ina. Barmo ya leƙa ya toshe hanci.

"Jatau, gona ce wannan ko juji?"

"Juji ne," in ji Jatau, "amma rumbuna bai taɓa yin ƙorafi ba."

Shekara biyu ana haka. Rana ta gasa ƙasar Barmo, iskar bazara ta kwashi mai laushin ta yi gaba. Gero ya fara fitowa siriri kamar tsintsiya. Barmo ya ce sharar ce ba ta isa ba, ya ƙara himma.

A shekara ta uku, da hadari ya haɗu, ƙasa ta kira shi da wata murya a dishe. "Na ciyar da kakanka, na ciyar da ubanka, babu wanda ya tashi bai bar mini loma ba. Kai ka tuɓe ni a gaban rana saboda wadda ko tsayawa ba ta yi. Ko kara ɗaya ka rufa mini kafin ruwan nan ya sauko."

Barmo ya ce, "Kin fi kyau haka."

"To, na rufe bakina."

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ko ɗigo ba ta haɗiya ba. Ya gangara da ɗan sauran laushinta, ya shiga gonar Jatau, kara ya tare shi ya kwanta a can. Barmo ya kai sara da fartanya, ta yi ƙara ta dawo masa. Irin da ya watsa kuwa, kurciyoyi suka yi walima.

Da kaka yana zaune a tsakiyar filinsa, rumbu wayam, sai ga Ladingo da dami a ka. Karon farko ke nan da ta taka gonarsa.

"Barmo, ka ara mini gonarka mana."

"Taki ce," in ji Barmo, "har da mai ita."

"Gonar ma ta isa. Sussuka zan yi. Geron Jatau ne, na bikinmu, kuma gonarsa duk laushi, babu inda zan kafa turmi. Allah ya saka maka, duk garin nan babu masussuka irin taka."

Barmo ya miƙe. Sai ya ɗauki tsintsiya ya share mata wurin, don shi ne abin da ya iya.

Shi ya sa har yau faƙo ba ya shan ruwa, sai dai mata su yi shanya da sussuka a kansa. Wanda yake so faƙo ya buɗe baki, sai ya durƙusa ya haƙa masa ƙananan ramuka, ya zuba taki, ya lulluɓe shi da kara, ya jira. Ko a haka, sai ya ja masa aji na shekara biyu kafin ya kurɓa.