Madubin Baba Jatau da Mujiyar Kufai

Ku matso kusa, mai goro ya miƙo, mai gardama ya gyara zama, don yau akwai aiki a gabansa. Labarin nan a kan idona ya faru, kuma duk garin Kwarin Tsamiya babu wanda ya kai ni iya ba da shi. Ni ne fa wanda ya sa wa malamin lissafi bushiya a cikin hula, ranar da muka yi sallama da makaranta, saboda haka harkar namun daji ba baƙuwata ba ce.

A garinmu akwai wani tsoho, Baba Jatau, wanda ya yi aikin gadin daji har ƙafafunsa suka gaji. Da ya bar aiki ya dawo gida da madubin hangen nesa, irin mai ido biyu ɗin nan da ake rataya wa a wuya. Ba ya harbi, ba ya ɗana tarko. Kallo kawai yake yi. Ya san inda gada ke shan ruwa, ya san ramin beguwa, ya san ranar da gauraki ke sauka fadama. Amma duk cikin halittun daji babu wadda ya ƙaunata kamar mujiya. Mutane na jin kukanta suna neman tsari, shi kuwa sai ya ce, "Ku bar baiwar Allah. Ɓerayen da take kwashe muku a bakin rumbu, kyanwa goma ba ta iya ba." A daminar nan kullum zancensa ɗaya ne: akwai wata farar mujiya mai fuska kamar faifai, tana da 'ya'ya a wani wuri, kuma sai ya gano sheƙarta.

Ran nan ya fita da sassafe. Azahar ta yi, ba a gan shi a sahun gaba ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Maza suka bazama fadama nemansa, don can ya fi zuwa. Ba su same shi ba. Ga hadari ya fara haɗowa daga gabas, baƙi ƙirin.

To, ga Ladidi mai fura, wadda Baba Jatau ke zama gindin ƙwaryarta yana cika ta da labarin tsuntsaye. Tana dawowa daga ƙauye da wasu mata sai suka ji hayaniya a kan wata bishiyar marke. Hankaki da 'yan ƙananan tsuntsaye sun taru suna ta kai wa wani abu sura. Ashe farar mujiya ce, da rana tsaka, ta takure tana lumshe ido. Matan suka yi salati, suka kwasa da gudu, ɗaya har da yar da tulu. Ladidi ta tsaya. Ta tuna tsohon ya taɓa ce mata mujiya mai 'ya'ya ba ta barin sheƙa da rana sai in wani abu ya tashe ta. Ta ajiye ƙwarya, ta ruga gari tana kira, "Ku dawo daga fadama! Baba yana wajen 'ya'yan mujiya!" Aka yi mata dariya, wani ya ce furar ce ta yi tsami ta hau mata kai. Ba ta fasa ba, sai da ta janyo mutane zuwa gindin marken nan.

Sai dai sanin yana wajen sheƙa daban, sanin inda sheƙar take daban. Nan ne Nomau ya shigo. Tsohon maharbi ne, wanda Baba Jatau ya yi ta bi da nasiha har ya rataye bakansa. Ya ga samari sun fara tsintar duwatsu, ya daka musu tsawa: "Duk wanda ya jefe ta, tsohon nan ya jefa! Ku koma baya, ku kame bakinku." Ya aika gida aka ɗauko masa kan burtu, wannan da maharba ke ɗaurawa a goshi su yi rarrafe, dabba ta zaci tsuntsu ne ke kiwo. Ya ɗaura, ya durƙusa, yana tafe yana sunkuyar da kai kamar mai caccakar ƙasa. Wallahi ni da na san shi sai da na kusa watsa masa dawa. Mujiya ta tashi daga marke ta koma kan kanya, yana biye. Ta bar kanya ta sauka kan kuka. Ƙaya ta yayyage masa gwiwoyi, ya ratsa ta gaban wata gada da ɗanta ba su ko ɗaga kai ba. A haka har kufan tsohon gari, inda ya ga ta naɗe fiffike ta faɗa cikin ciyawa ta ɓace, can kuma ta sake fitowa a firgice. Ya buɗa ciyawar. Tsohuwar rijiya ce wadda kowa ya manta da ita, bakinta ya rufta ta gefe ɗaya, ga sandar Baba Jatau a yashe.

Muka taru a baki. Aka kira, muka ji nishi daga ƙasa. Amma tare da nishin akwai wani huci, fuuu, fuuu, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kowa ya ce macizai ne. Masu faɗin ƙirji suka fara duban sama, wai suna lissafin hadari. Ni kaina da na shiga, sai dai an fi bukatar ƙarfina a wajen igiya. Iska ta taso, yayyafi ya fara, kuma rijiyar a kwari take, duk ruwan kufan nan cikinta zai gangara. Sai Sallau mai haƙar rijiya ya tuɓe riga. Shi ma ya gaskata macizai ne. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya ce, "In na ja sau biyu ku fito da ni, in ban ja ba ku gaya wa Inna ta yafe mini." Ya sauka yana dafa bango a hankali, don ya san tsohon gini, in ka taka inda bai kamata ba sai ya binne ku duka. Da ya kai tsakiya ya ga masu hucin: 'ya'yan mujiya ne a wani lungu, farare kamar auduga, suna buɗe baki. Can ƙasa kuma ga Baba Jatau, ƙafa a karye, ya rungume ɗaya da ya faɗo tare da shi.

"Baba, kawo hannu in ɗaura maka."

"Mayar da wannan wajen 'yan'uwansa tukuna."

"Baba, ruwa fa ya sauko!"

"To ka yi sauri mana, ɗan nan."

Haka Sallau ya hau ya ajiye ɗan tsuntsu, ya koma ya goya tsoho, muka ja. Ba mu kai bakin gari ba sai da aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Washegari da aka leƙa, inda tsohon ya kwanta ya zama tafki, amma lungun 'ya'yan a bushe yake, uwar na zaune a kansu.

Da mai ɗori ya gama aikinsa, Baba Jatau ya kira su ukun. Ya ce ƙafarsa ta gama shiga daji, kuma madubin nan ba zai kwanta a akwati ba, zai ba wanda ya cece shi. Ya ce da mujiyar zai ba, to nata idon ya fi madubin. Na ce a kawo in riƙe musu amana, aka ce in yi shiru. Ga madubi ido biyu, ga mutum uku, kuma in an raba shi ya lalace.

Ba don Ladidi ta tsaya inda wasu suka gudu ba, da har yanzu ana fadama ana nema. Ba don Nomau ya yi rarrafe a kan ƙaya ba, da ba a ga bakin rijiyar ba. Ba don Sallau ya shiga ramin da ya ɗauka na macizai ne ba, da ruwa ya riga kowa.

To, jama'a, in ku ne Baba Jatau, a wuyan wa za ku rataya madubin nan?