Jakar Mai Hoto a Bakin Rafi

A wani gari an yi wani mutum mai sana'ar ɗaukar hoto. Mutumin kirki ne, mai fara'a, sai dai bakinsa bai iya cewa a'a ba. Ko akuya ce ta tare shi da roƙo, sai ya tsaya ya saurare ta.

Wata rana jakar kyamararsa ta yage, sai ya tafi kasuwa tare da matarsa Damaris. Mai shago ya ajiye masa jaka biyu. Ɗaya ƙarama ce, an shimfiɗa mata soso a ciki, daidai kyamara da batir da tsumman goge gilashi. Ɗayar kuwa ƙatuwa ce, aljihu a gaba, aljihu a baya, zif ko'ina. Idon mai hoto ya maƙale a kan babbar.

Damaris ta ce, “Maigida, hoto za ka je ɗauka ko ƙaura za mu yi?”

Ya yi dariya, ya rataya babbar, ya dawo gida yana tafiya kamar matuƙin jirgin sama.

A garin nan kuwa akwai wani tsoho, Baba Nomau, wanda sai da furfura ta rufe masa kai sannan ya ba da gaskiya. 'Yarsa Briskila, wadda take aikin jinya a wani birni mai nisa, ta yi shekaru tana yi masa addu'a. Da aka sa ranar baftismarsa, ba ta sami izini a wurin aiki ba. Sai ta kira mai hoto ta ce, “Yayana, abu ɗaya nake roƙo. Ka ɗauko mini fuskar Baba lokacin da yake fitowa daga ruwa. Ita nake so in gani.”

Mai hoto ya ce, “An gama, ƙanwata.”

Ranar baftisma ya tashi ya shirya jaka. Ya naɗe kyamara cikin tawul, ya kwantar da ita can ƙasa, domin a ganinsa abu mai daraja a ƙasa ake adana shi. A kanta ya ɗora fitilar hoto, da igiyoyin caji, da laima ko da hadari zai taso. Duk da haka jakar ba ta kai rabi ba, abin ya yi masa daɗi ƙwarai.

Jama'a suka kama hanyar rafi da waƙa. Kun dai san halinmu, in an ga mai babbar jaka, an sami jaki. Shugabar zumuntar mata ta matso ta ce, “Ɗan'uwa, tunda akwai wuri, riƙe mini wannan zanen.” Ya buɗe. Wata ta miƙo gorar kunun zaƙi. Dattijon ikilisiya ya kawo busasshiyar rigar da Baba Nomau zai sa in ya fito. Da aka kusa rafi, sai matasa suka tuna duwatsun wurin suna da santsi, suka tattara wayoyinsu gaba ɗaya suka zuba masa. Suka ce, “Mu waƙa za mu yi, ai ga Mai hoto.” Shi kuwa murmushi kawai yake yi, yana jin daɗin yadda jakarsa take amfanar jama'ar Allah.

Mai hoto ya zaci za a fara da doguwar huɗuba, kamar yadda aka saba. Amma Fasto ya dubi tsoho yana rawar sanyi, ya ce a fara da shi. Kafin ka ce me, sun shiga ruwa har ƙugu.

Mai hoto ya durƙusa ya ja zif. Zane ya fito. Gora ta fito. Wayoyi suka zubo kan yashi, igiyar caji ta naɗe laima, laima ta buɗe kanta a fuskarsa. Yana cikin kokawa da ita sai ya ji guɗa ta tashi, mata suna tafi. Baba Nomau ya riga ya fito daga ruwa, fuskarsa tana haske, ruwa yana zuba daga gemunsa. Kowa ya gani da idonsa, amma ba wanda ya ɗauka, gama duk wayoyin suna zube a gaban mai hoto, kyamara kuma tana barci cikin tawul.

Ya ruga bakin ruwa ya ce, “Fasto, don Allah ko za a ɗan maimaita?”

Fasto ya yi dariya ya ce, “Ɗan'uwa, wannan ba hoton fasfo ba ne. Sau ɗaya ake yi.”

Baba Nomau ya ce, “Ɗana, ni dai miƙo mini rigata. Wanda na shiga dominsa ya gani.”

Aka yi ta dariya, har da mai hoto, amma tasa ba ta kai ciki ba. Ya ɗauki hoton tsoho cikin busasshiyar riga, ya aika wa Briskila. Ta amsa ta ce, “Baba ya yi kyau, na gode. Ina na cikin ruwan?” Wannan tambaya ta yi masa ciwo sosai.

Kashegari ya miƙa wa Damaris babbar jaka, ta zama ta cefane. Ya koma ya sayo ƙaramar, ya rataya ta a ƙirji, kyamara a bakinta. Da Briskila ta zo gida lokacin Kirsimeti, ta hango mahaifinta a ƙofar majami'a, ta yar da kayanta ta rungume shi tana kuka tana dariya. Kafin ta sake shi, mai hoto ya ɗauka. Wannan hoton yana rataye a ɗakin Baba Nomau. Na rafi kuwa babu shi.

To, ga ma'anar wannan misali. Jakar nan ita ce ranarka, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Kyamara ita ce abin da Ubangiji ya aike ka yi. Ku lura, babu mugun abu ko ɗaya a cikin jakar mutumin nan. Zane ba zunubi ba ne, kunun zaƙi ma ba zunubi ba ne, taimakon jama'a kuwa abu ne mai kyau. Bai kuma raina kyamararsa ba, don tsananin darajarta ma ya binne ta. Haka da yawa daga cikinmu muke yi da addu'a da Maganar Allah. Muna girmama su, mu naɗe su da kyau mu ajiye a ƙasa, sannan mu ɗora gona, da kasuwa, da taron kwamiti, da saƙon kowa da kowa. Sai ranar da maƙwabci ya zo da hawaye, ko ɗanka ya yi maka tambaya a kan Allah, ka durƙusa kana tono, laima tana buɗewa a fuskarka.

Ku taimaki mutane, ban hana ba. Amma akwai lokutan da Allah yake kawowa sau ɗaya, ba a kuwa cewa a maimaita. Gobe da safe, kafin kowa ya miƙo maka zanensa, ka buɗe jakarka ka duba abin da yake sama.